Tsawon Katakon Babo

Trnovo,
19 ga Janairu.

Zuwa ga Yayana Zijad,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mersiha da 'yata Lamija. Ya aiki, ya sanyin Göteborg? Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya raya mana Lamija, ya sa albarka a nemanka, amin. Na san kana ganin ambulan za ka ce lafiya kuwa, Belkisa da biro? To kai ka jawo. Kai ka ce wa Mama wai saƙona na murya sai mutum ya nemi hutun aiki kafin ya saurara, kuma na ga shaida, guda huɗu na tura maka ko ɗaya ba ka buɗe ba. Shi ya sa na yago takardu daga littafin odar shagonmu, zan ba direban bas ɗin Juma'a ya kawo maka. In ka ga kuskuren rubutu ka haɗiye abinka, ka san inda na tsaya a makaranta.

Mu nan duk lafiya lau, alhamdulillahi. Mama tana nan, hawan jinin ya ɗan sauka tunda ta rage gishiri, sai dai ta ƙara faɗa. Ni ina nan shagon shayi da fanken pita a Babin Do, gindin kujerar lilo mai hawa da masu zamiya kan dutse, bana baƙi sun yi yawa har ba na samun damar duba waya sai na shiga bayan kanta na ɓuya. Dusar ƙanƙara ta sauka sosai tun ƙarshen Disamba, rabon da a ga irinta an daɗe. Kuma ita ce ta kawo maganar da zan ba ka, don abin da ka ji a waya rabi ne, rabin ma na Mama, ka kuwa san yadda take tace labari.

Ka san dai duk shekara in dusa ta yi nauyi babanmu Babo sai ya je gidan kakarmu Nana a ƙauyen sama ya sauke wa rufin kaya, tunda kowa ya sauko tun kaka kuma mota ba ta zuwa sai bazara. Ya hau lilo zuwa ƙolin dutsen Bjelašnica, ya bar daɓaɓɓiyar hanyar da baƙi ke zamiya a kai, ya tsallaka ta baya, ya gangara. Shekara talatin da wani abu yana yi a kan dogayen katakon zamiyarsa ɗin nan jajaye, masu siririn jiki kamar sandar mofa. To bara da ya faɗi a kwarin nan, mu abin da aka gaya mana gwiwa ce, ta kumbura sati biyu ta warke. Amma Mama tun ranar ta yanke hukunci. Ta ce muddin a kan waɗancan sandunan ne, Ramiz ɗinta, wato Babo, ba zai sake hawa ba, rufin ya rufta in zai rufta, ita rufi ba ya kawo mata burodi da safe. Bana da dusa ta fara, Yaya, ka ga Babo? Kullum yana bakin taga da gahawarsa tana hucewa, yana kallon dutse. Wata rana na ji yana lissafi shi kaɗai, wai yanzu dusar ta kai tagar gidan Nana ta ɓangaren arewa. Abin ya tsaya min a rai, don na san in aka hana shi bana, shi ke nan an hana shi har abada.

Sai ga saƙonka, wai ka ga wasu katakai masu kyau, casa'in da takwas, in ya yarda ka saya ka turo. Ni ce na karanta masa da ƙarfi a kan tebur, ina murna. Yaya, da ka ga fuskarsa. Ya ajiye cokali ya ce casa'in da takwas? Ya auna da hannu daga ƙasa zuwa ƙugunsa ya ce to madalla, ɗansa ya je Turai ya yi karatu ya dawo da shi ajin yara, saura a ɗaura masa hula mai kunnen zomo a riƙe masa hannu. Mama ta ce masa ai dama hankalin naka na ajin yaran ne. Ni ma wallahi na ɗauka tsawo kake nufi, har na ji haushinka, na tura maka wancan saƙon da ba ka buɗe ba, kuma don Allah kar ka buɗe shi yanzu, goge shi kawai.

Abin ya ƙi barina. Na ce ai Yaya Zijad ba mahaukaci ba ne, bari in bincika. Nan fa na faɗa rami. Ashe lambar ba tsawo ba ce, faɗin ƙugun katakon ne, wajen da ƙafa ke takawa, kuma da milimita ake faɗa! Ni da nake sayar wa masu zamiya shayi shekara uku, ina ganin lambobin nan a jikin katakansu an jingina a bangonmu, ban taɓa tambayar kaina ba. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin Mama na shiga rumbu na auna na Babo, sittin da biyar. Kai, na ce to shi ya sa yake nutsewa. Wai siriri yana kama ƙanƙara mai tauri da kaifinsa, yana juyawa da sauri a daɓaɓɓiyar hanya, amma in ka shiga dusa mai laushi irin ta gari sai ya lume da kai. Mai faɗi sosai kuma, ɗari da goma zuwa sama, yana yawo a saman dusa kamar kwale-kwale, amma a kan tauri sai ya riƙa zillewa yana wahalar da gwiwa. Na tsakiyar, daga casa'in zuwa ɗari da 'yan kai, su ne wai na ko'ina da ko'ina. Sannan akwai maganar hanci. Na Babo in ka kwantar da shi a ƙasa hancin ne kawai ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe, su kuwa sababbin tun daga nesa suke fara ɗagowa a hankali, don kar su soki dusa su tsaya cak mutum ya wuce ta samansu. Da na ga wani bidiyo an nuna haka a hankali, sai na ga faɗuwar Babo ta bara ƙiri-ƙiri kamar ina wurin.

Daga nan na zama malama. Na shiga wani guruf na masu hawa bayan dutse na rubuta tambaya, na ce babana ɗan shekara sittin da biyu ne, ga tsawonsa, ga nauyinsa, ga hanyar da yake bi. Yaya, mutanen nan ba su da aikin yi. Amsa tamanin da wani abu! Wani ya ce in ba ɗari da goma sha biyar ba ɓata kuɗi ne, wani ya ce wancan bai taɓa ganin Bjelašnica ba sai a hoto, suka bar ni suka koma zagin juna. Wani ma cewa ya yi in saya wa tsoho kujera mai lilo da bargo, na toshe shi. Sai wata mata daga Slovenia ta yi min tambayar da ta fi duk amsoshin, ta ce wace irin dusa yake takawa daga sama har ƙasa? Na je na tambayi Babo kamar da wasa, ai kuwa sai baki ya buɗe. Ya ce a ƙoli iska ta share komai, ƙanƙara ce kamar gilashi. In ka ɗan sauko sai ɓawo, sama tauri ƙasa laushi, mai karya ƙafar doki. A kwari kuma gari zalla har cinya, sannan cikin itatuwa sai ka yi ta kaucewa kamar mai gudun masu bin bashi. Na rubuta mata duk. Ta ce to kin ga hanya ɗaya ce amma dusa huɗu, ki nemi na tsakiya, mai ɗan tauri a ƙarƙashin ƙafa don ƙoli, mai ɗagaggen hanci don kwari, kar ya cika nauyi, kuma tsawonsa kar ya wuce kansa. Ka ga ashe kai ka yi daidai tun farko, amma kar ka kumbura.

Faɗin bai ba ni wahala sosai ba. Na nuna masa hoto, ya ce wannan ai ƙyauren ƙofa ne aka raba biyu, amma na ga ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, yana jan hoton da yatsa yana leƙa hancin. Inda muka maƙale shi ne tsawo. Ya ce shi ba a zaɓa masa katako da waya. Akwai yadda ake yi tun kafin a haifi wanda ya ƙera wayar: mutum ya tsaya a miƙe, ya ɗaga hannu sama iyakar ƙarfinsa, a tsayar da katako a gefensa, in hancin ya taɓa wuyan hannu to nasa ne, in bai kai ba na ƙaninsa ne. Ya ce haka babansa Dedo ya auna shi a tsakar gida yana ɗan shekara sha huɗu, haka shi ma ya auna ka, kuma nasa ɗari biyu da biyar ne ba ya rage ko yatsa. Na ce Babo yanzu ko a masana'anta ba sa yin masu faɗi da wannan tsawon. Ya ce to su je su koyi aiki. Mama daga kicin ta ce a bar shi, shi da taga ai sun saba.

Ranar Talata da nake da hutu na lallaɓa shi, na ce ya raka ni wurin Kawu Zdravko in gyara maɗaurin nawa katakon. Ka tuna Kawu Zdravko, wanda suka yi aikin katako a daji tare da Babo, mai gashin baki kamar tsintsiya? Yanzu shi ke da shagon haya da gyara a ƙasan otal. Na riga na tura masa saƙo ya shirya. Muna shiga ya ce a'a, yau ga gidan tarihi ya zo da ƙafarsa, Ramiz ina jajayen, ko gwamnati ta karɓe ta sa a gilashi? Babo ya ce suna gida suna hutawa, sun gaji da wuce ka a gangara. Kawu ya ce sau ɗaya ka wuce ni, shi ma a kwance kake. Haka suka yi ta yi har aka sha gahawa, ni ina gefe ina ta ƙifta wa Kawu ido. Can ya tashi ya jero katakai guda biyar a bango, ya ce ba sayarwa zai yi ba, kallo kyauta ne. Babo ya tashi yana taɓe baki. Amma ka san shi da abin hannu. Ya ɗauki ɗaya ya dafa tsakiya ya lanƙwasa, ya ce wannan taliya ce. Ya ɗauki wani ya ce wannan kuma ƙarfen gada ne, sai ɗan dambe. Na ukun, wani shuɗi mai duhu, ya daɗe a hannunsa. Ya juya shi, ya bi kaifin da babban yatsa, ya haɗa biyun ciki da ciki ya ga yadda hancinsu ke rabuwa, ya tambayi Kawu wane itace ne a ciki. Suka yi minti goma a kan itace kawai. Sannan ya mayar ya ce aikin ba laifi, saura tsawo, a kawo masa babban wansa.

Kawu Zdravko ya ce babu wa, wannan ɗari da saba'in da takwas ne kuma shi ne naka. Babo ya ce ƙa'ida dai ƙa'ida ce. Kawu ya ce to bismilla, ai ni ma da ita aka auna ni, tsaya mu gani, in bai kai ba ni da kaina zan rufe shago in raka ka gida. Ya tsayar da katakon a gefen Babo, hancin daidai saman hularsa. Ni na riga na sare, na ce shi ke nan, mun dawo taga. Babo ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙirji, ya ɗaga hannun dama. Yaya, hannun ya taso, ya wuce kafaɗa, ya ɗan ƙara, sai ya tsaya. Na ga ya cije leɓe ya ƙara turawa, gefen wuyansa har rawa yake, amma ina. Hannun ya tsaya a karkace kamar mai tsayar da mota, kuma wuyan hannun yana daidai hancin katakon. Daidai fa, ko da tef aka auna sai haka. Ashe ba gwiwa kaɗai ba ce bara. Kafaɗar ce ta fi jin jiki, shekara guda yana ɓoyewa, ni da nake gida ɗaya da shi ina ta kallon waya ban lura ba.

Ni da bakina, don tausayi, na ce Babo gwada na hagu mana. Ban san me ya sa na faɗa ba, alhali in ya ɗaga na hagu duk wahalata ta tashi a banza. Kawu ya harare ni. Babo ya sauke hannun a hankali, ya kalli na hagun kamar yana shawara da shi, sannan ya ce a'a, babansa da dama ya auna shi. Ya sake kallon katakon daga sama har ƙasa ya ce to, ya taɓa wuyan hannu, nasa ne ke nan. Kawu Zdravko ya juya baya yana ta neman wani abu a cikin durowa wanda na tabbata babu shi, ya fyace hanci, sannan ya ce ai dama tun muna samari na san kai gajere ne, hannun ne ke rufa maka asiri. Babo ya ce rufe min baki ka kawo takalma.

Washegari Kawu ya ba shi su gwaji. Na roƙi uwar ɗakina awa biyu na bi shi. Gangarar farko abin dariya, don ka san yadda yake haɗe ƙafafu kamar an ɗinke su, irin gayun zamaninsu, to masu faɗi ba sa son haka, sai karo suke da juna ƙwas ƙwas. Ya tsaya ya ce kin gani ko, ƙyaure. Na ce Babo ɗan buɗe ƙafa, na gani a bidiyo. Ya ce shekara hamsin yana zamiya yau bidiyo zai koya masa tsayuwa. Amma ya buɗe. A ta uku sai ya kauce daga daɓen ya shiga gefe inda ba wanda ya taka, ni na tsaya a baki ina kallo. Na ga ya jingina baya yadda ya saba don kar hanci ya nutse, sai ya ga ba ya nutsewa, ya dawo tsakiya, ya juya, ya sake juyawa, dusa na tashi ta bayansa. Da ya tsaya can ƙasa sai na ji wata irin dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba, har wasu baƙi suka waiga. Da na iso ya ce Belkisa, wai me suka sa a hancin nan? Ya cire ɗaya ya ɗaga yana leƙawa ta ƙasa. Duk hanyar gida tambaya yake, in na ce ban sani ba ya ce to duba wayar mana, amfaninta me.

Saura Mama. A mota ya ce kar in gaya mata maganar kafaɗa, na ce to, amma ka san ba na iya riƙe magana. Muka shiga da katakan, ta fito tana goge hannu, ta zagaya su sau ɗaya, ta ce su ne na ajin yaran? Ya ce su ne. Ta ce ya aka yi suka kai wuyan hannu? Sai ta ce Ramiz, kana tsammani wa ya sauko da gwangwanin gahawa daga kanta ta sama tun watan Maris? Wa ya mayar da ƙusar rataye kwat ɗinka ƙasa? Wai ashe ta sani tun satin farko, ta ga yadda yake sa riga, ta yi shiru tana jira ya faɗa da bakinsa. Ta ce ita ba katako ne kaɗai damuwarta ba. Mutumin da ba ya iya ɗaga hannu, in ya isa can wa zai ɗaga shebur sama da kai ya sauke dusa daga rufi? Wannan kam Babo bai yi tunaninsa ba, ni ma duk bincikena ban yi ba. Sai ta juyo kaina ta ce ke mai waya, tunda ke kika haɗa wannan, ke za ki ɗauki shebur. Kuma Zdravko ya bi ku, kuma Litinin ya je asibiti a duba kafaɗar, in ba haka ba ta sa katakan a murhu, shuɗi ma yana ci da wuta.

Jiya Asabar muka je. Kawu ya sa muka jira kwana biyu sai da dusar ta zauna, ya kira abokansa masu aikin ceto ya ji labarin gangaren, ya rataya mana 'yar na'urar nan da ake neman mutum da ita in dusa ta zaftare, ya sa na gwada nemo tasa sau uku a bayan shago kafin ya yarda. Ni ma ya ara min masu faɗi daidai ni, zuwa goshina. Yaya, ban taɓa tsallake igiyar nan ta ƙoli mai iyakance hanyar baƙi ba a rayuwata, kullum daga ciki nake. Komai yadda Babo ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Gilashin na sama na bi shi a karkace ina salati. A ɓawo na faɗi sau biyu, Kawu ya ce in na gama gaisawa da ƙasa su suna gaba. Amma kwarin, wayyo. Ba ƙara, ba kowa, ba sawun komai sai na wata dabba da Babo ya ce dila ce, katako na tafiya da kai shiru kamar ana ɗauke da kai. Daidai inda ya faɗi bara ya ɗan tsaya ya kalla, ya wuce. Ko hoto ɗaya ban ɗauka a wurin ba, ni ɗin nan, ka yarda?

Ƙauyen kuwa ban gane shi ba. Ni da na san shi da ciyawa da tumaki da 'yan yawon buɗe ido, sai ga rufi kawai suna leƙowa. Gidan Nana yana tsaye, amma ta arewa dusar ta haye har gindin bututun hayaƙi, wani katako na rufin ya fara lanƙwasa, Babo ya ce da an ƙara sati biyu da sai labari. Muka haƙe bakin ƙofa ni da Kawu. Da muka gama Babo ya matso ya tsaya a gaban ƙofar, ya ɗaga kai yana kallon samanta, ya ɗan motsa kafaɗa, sai ya ja da baya. Ya ce Belkisa zo nan. Miƙa hannu can sama, bayan dutse na uku daga hagu, akwai rami. Na ɗaga ƙafa na lalubo, sai ga makulli a naɗe cikin tsumma, sanyi kamar zai ƙone min yatsa. Ni duk rayuwata na ɗauka a aljihunsa yake zuwa da shi. Ya ce daga Dedo sai shi sai kai kuka san wurin, yanzu mun zama huɗu, kuma in ya ji labarin a guruf zai cire ni daga gado. Na miƙa masa, ya ce a'a, wanda ya ɗauko shi ke buɗewa.

Awa biyu da rabi na yi a kan rufin nan, yana ƙasa yana ba da umarni da hannun hagu, wai ba haka ake yanka dusa ba, a yi ta gida-gida kamar ana yanka alawar baklava. Yau ko biron nan da ƙyar nake riƙewa. Ya hura murhu ya dafa mana gahawa da narkakkiyar dusa, muka ci busasshen nama da burodin Mama, sannan muka gangara ta cikin itatuwa zuwa titi inda aka zo aka ɗauke mu. Da muka fito ni na kulle, ni na mayar da makullin, bai ko waiga ya duba ba.

Don haka kar ka turo komai daga can, shuɗin nan ya zauna, ku yi maganar kuɗinsa da Kawu Zdravko kai tsaye. In ka kira Babo don Allah kar ka fara da kafaɗa, gobe zan kai shi asibiti da kaina kuma zan gaya maka abin da likita ya ce. Ka tambaye shi faɗin ƙugun katakonsa kawai, ka ajiye wayar a gefe ka ci abincinka, zai yi awa guda. Ya ce a ƙarshen Fabrairu za mu sake hawa in dusa ta ƙaru, wai in fara motsa hannu tun yanzu.

Ka gaishe min da Anti Mersiha sosai, ka ce mata man shafawar ya iso, na gode. Ka sumbaci Lamija, ka ce Goggo Belkisa tana jiran hoton haƙorin da ya fita. Ka gaida Kawu Hajrudin da iyalinsa in kun haɗu a masallaci. Mama tana gaishe ku, ta ce ka riƙa sa hula. Babo yana gaishe ku, ya ce in gaya maka casa'in da takwas ɗin ba laifi, amma da ka yi bayani tun farko kamar mutum. Allah ya tsare min ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa mai ciwon hannu,
Belkisa